Hannun Masar Riskuwa

Ni dai har gobe ban yafe ma direban nan ba. Buhunan albasa ya labta wa mota har tana nishi, ya kwashe yayata Riskuwa a hanyar Ambursa. Ƙashin damtsenta na dama da ya karye ya haɗe, amma hannun ya saki daga wuyan hannu, yana reto kamar jiƙaƙƙen tsumma. Matar da ta shekara ashirin tana tuyar masa a tashar Argungu!

Likita a Birnin Kebbi ya ɗinke jijiyar da ke kai wa hannun saƙo, ya ce a jira. Munka jira shekara guda cur, ko yatsa bai motsa ba. Sarkin tasha ya aiko cewa in anka gama girbin shinkafa ba ta dawo ba, zai ba wata wurinta. Ranar na ga Riskuwa ta yi kuka, ni kuwa zagi na yi ta yi.

Wani likitan ya ce waccan jijiya ta mutu, a bar ta. Sai ya kwance igiyoyin tsoka masu rai, ya ɗaura su inda matattun suke aiki. Da anka cire filasta, Riskuwa ta yi ta cewa hannun ya ɗaga har gumi ya keto mata. Shiru kake ji.

"Sun sake yanka ni a banza," in ji ta.

Rejoice, mai koya wa marasa lafiya motsa gaɓa, ta tambaye ta sana'arta. Da ta ji, sai ta yi dariya.

"Mama, tsokar da ke kifa miki tafi ita aka ba aikin ɗagawa, ba ta san sabon aikinta ba tukuna. Daina cewa ɗaga. Juya masa."

Washegari na ɗauko tanda a ka har cikin asibiti, masu gadi na kallona, ko a jikina. Riskuwa ta riƙe cokali, ta rufe ido, ta juya masar da babu. Wallahi sai hannun ya ɗago! Kaɗan ne, amma na rangaɗa guɗa har wata nas ta kore ni waje.

Wata uku muna wanga aiki. Ana saura kwana biyu a gama girbi ta hura wuta a tasha. Ukun farko sunka ƙone, ta huɗu ta juyu sumul.

Labbo, wani direban tasha, taubashinmu, ya gutsura ya yatsine fuska.

"Riskuwa, shekara da rabi kina hutu, har yau ba ki iya gishiri ba?"

Ba ta ko yi tunani ba. Ta ɗaga hannun dama, yatsu biyar a buɗe, ta watsa mai daƙuwa.

Labbo ya tsaya yana kallon yatsun, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Don Allah ƙara min wata," ya ce.