Yadda Raƙumi Ya Ci Zaɓe a Lekol

Malam Attahir ya yi shekara talatin yana koyarwa a wata lekol da ke gabashin garin Tawa, sha biyu daga ciki yana direkta. Tun shekararsa ta farko ya sayi wata ƙatuwar rajista mai baƙin bango. Kowace shekara yana liƙa hoton aji a cikinta, da zanen da yara suka yi masa, da takardar gayyatar auren wanda ya girma. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: bai rubuta suna ƙarƙashin hoto ko ɗaya ba. Sunayen suna kansa. In baƙo ya ɗora yatsa kan wata fuska, sai ya faɗi sunan yaron, da na ubansa, da ƙauyensu, Afala ne ko Bambeye, har da gidan da aka riƙe shi a birni.

A farkon shekarar 1995 abubuwa suka haɗu masa. Gara ta shiga rajistar ta baya. Shi kuma zai ajiye aiki, kuma da saukar ruwan farko zai koma Tebaram ya kama gonar gado. Abin da ya fi damunsa, wanda bai gaya wa kowa ba sai Mushe Mohamed, malamin aji biyar (Mushe lakabin malamin boko ne, daga Faransanci), shi ne sunayen sun fara zame masa. Yakan dubi fuska, ya san ta sarai, sunan ya ƙi zuwa sai bayan kwana biyu.

Wani gari na Faransa da ke ƙawance da lekol ɗin ya aiko da kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takarda, kuma Mushe Mohamed, wanda ya yi horo a Yamai, ya riga ya shigar da hotunan duka. Saura sunaye. Malam Attahir yana so ya rubuta su da hannunsa, kowane suna a ƙirjin mai shi, wasu da boko, wasu da ajami, wasu da rubutun Buzaye, yadda iyaye za su iya karantawa. Aka rubuta wa abokan ƙawance. Suka amsa da katalog mai hoton allo uku na zane, irin wanda ake jona wa kwamfuta a rubuta a kansa da alƙalaminsa, rubutun ya fito a gilashi. Babba, matsakaici, ƙarami. Suka ce a zaɓi ɗaya.

Mushe Mohamed ya auna teburin biro, wato ofishin direkta, da tafin hannu, ya duba bayan kwamfutar, ya ce, "Malam, ƙaramin nan ya ishe mu. Hannu ɗaya za shi yawo kansa, ba jaki ba. Mu aika amsa gobe."

Da an aika, da labarin ya ƙare nan. Amma Madam Jummai, malamar aji uku kuma wakiliyar ƙungiyar malamai, tana bakin ƙofa.

"Ku biyu kunka zaɓa?" ta ce. "Cikin ɗaki? Mushe, wanga zamani ya wuce. Jam'iyya guda ta mutu, mun je jana'izarta."

"Madam, allo ne fa."

"Haka ake farawa. Yau allo, gobe kujera."

Malam Attahir mutum ne mai son tsari, kuma bai taɓa hana kowa magana ba. Ya ce to, a kira kwamiti.

Zaman farko ya tafi wajen zaɓen shugaban zama. Zama na biyu aka gano cewa ba a gayyaci iyayen yara ba, don haka na farko bai halatta ba. A zama na uku Alhaji Yunusu ya iso. Shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, ɗan kasuwar albasa, mutum mai faɗin murya. Ya riƙe katalog ɗin nesa da ido kamar mai duba haƙoran rago.

"Dukansu kyauta ne?"

"Kyauta ne, Alhaji."

"Kuma kuna shawara? A ba ka kyauta, a ce ka zaɓa, ka ɗauki ƙarami? Mi za a ce da mu a Tawa? A ce lekol ɗinmu ba ta da ciki?"

Mushe Mohamed ya yi bayani a natse. Babban na masu zanen taswirar gini ne, ya fi teburin faɗi, kuma hannun dattijo zai gaji kafin ya kai ƙarshensa.

"Tebur ake canzawa," in ji Alhaji. "Ba a canza daraja."

Madam Jummai ba ta goyi bayan kowa ba. Ita dai sharaɗinta ƙuri'ar asiri, da akwatin da za a nuna wa jama'a cikinsa kafin a rufe, da 'yan kallo daga wata lekol. Sai aka tuna cewa yawancin iyaye ba sa karatun boko, dole kowane allo ya sami alama. Aka kafa ƙaramin kwamiti na alamomi. Bayan mako biyu ya kawo rahoto: babba raƙumi, matsakaici rago, ƙarami zabo.

"Zabo?" in ji Mushe Mohamed. "Wa zai jefa wa zabo ƙuri'a a nan ƙasarmu ta Adar?"

"Kai ka ce ƙarami kake so," in ji Madam Jummai. "Ko giwa za mu ba shi?"

Watan Fabrairu ya wuce, Maris ya bi shi. Malam Attahir yakan zauna bayan an tashi yara, ya buɗe rajistar, yana bin fuskoki da yatsa yana motsa leɓe kamar mai tilawa. Wata rana ya ce wa Mushe Mohamed ko su fara rubutawa da fensir kawai. Maganar ta kai kunnen kwamiti. Aka aiko masa da takarda mai ladabi cewa rajistar yanzu dukiyar al'umma ce, kada a taɓa ta kafin sakamako, don kada a ce an yi wa zaɓe riga-kafi. Ya karanta, ya gyara kuskure biyu da jan alƙalami, ya sa hannu.

Ranar zaɓe Alhaji Yunusu ya kawo raƙumi na gaske ya ɗaure a bakin lekol, wai na wani abokin cinikinsa ne da ya rasa wurin ɗauri. Mushe Mohamed ya tsaya a rana yana yi wa mata bayanin faɗin tebur. Suka saurare shi da kyau, suka yi masa addu'a, suka shiga suka jefa wa raƙumi. Rago ya sami 'yan ƙuri'u daga mahauta. Zabo ya sami biyu, kuma kowa ya san masu su.

Allon ya iso a ƙarshen Mayu, cikin kwalin da sai da mutum biyu suka kama. Hadari ya riga ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Mushe Mohamed ya so ya jona shi nan take, ko a ƙasa ne, amma malamai sun shiga yajin aiki tun ranar Litinin, kuma Madam Jummai ta ce jona waya aiki ne. Alhaji Yunusu kuma ya ce abin da jama'a suka zaɓa ba a fara amfani da shi a ɓoye, sai an yi bikin buɗewa. Aka sa ranar Alhamis ta sama. Aka ba Baba Hamisu maigadi mabuɗin biro, aka ce ya share, ya gyara komai, kada a ji kunya gaban baƙi.

Baba Hamisu ya fi kowa daɗewa a lekol ɗin in ban da direkta, kuma bai taɓa yin aiki rabi ba. Ya buɗe kwalin. Ya ga allo fari-fari, toka-toka, sumul kamar tasa. Ya ɗauki alƙalamin da ke ciki ya ja layi, bai ga komai ba. Ya gwada alli, allin ya zame. Ya girgiza kai. Turawa, da duk iliminsu, sun aiko da allo ba su gama shi ba.

Shi kuwa ya san maganin wannan. Kowace shekara kafin a koma karatu shi yake baƙanta allunan azuzuwa shida. Ya tattaro matattun batura, ya fasa, ya kwashe baƙin garin cikinsu, ya daka, ya kwaɓa da ruwan ƙaro. Ya shafa wa sabon allon da tsumma, ya bar shi ya sha iska a inuwa, ya sake shafawa. Da ya bushe, ya ga ba teburin da zai ɗauke shi, kuma dama allo ba a tebur yake zama ba. Ya samo ƙusa huɗu dogaye ya kafe shi a bango, daidai tsayin ƙirjin malami. Wata igiya da ke lilo a bayansa ya yanke ta, don kada yara su ja. Ya rufe da zane.

Ranar Alhamis biro ta cika har tagogi. Alhaji Yunusu ya yi jawabi kan nasarar dimokuraɗiyya, Madam Jummai ta yi jawabi cewa halartarta ba ta nufin an janye yajin aiki. Aka yaye zanen.

Mutane suka yi tafi. Allon ya yi baƙi ƙirin, yana sheƙi.

Mushe Mohamed ya matsa kusa. Ya dubi kan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga guntun igiyar, ya sake shi. Ya zauna a kan benci ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Alhaji ya karɓi alli ya rubuta bisimilla. Rubutun ya fito fes.

"Kun gani?" ya ce. "Da zabo munka ɗauka, ina bisimilla za ta shiga?"

"Amma bai fito a gilashin ba," in ji wata mata.

"Sannu-sannu, Hajiya. Daga Faransa ya taho, bai huta ba."

Baba Hamisu yana tsaye a gefe, hannuwansa har yanzu da baƙi a farata, yana jiran abin da direkta zai ce. Malam Attahir ya dubi allon. Sannan ya juya.

"Baba Hamisu, shafi nawa ka yi?"

"Biyu, Malam."

"Ya kamu da kyau. Ban taɓa ganin ka yi wanda ya kai shi ba. Allah shi yi albarka."

Ya ɗauko rajistar daga kabad, ya fita da ita gindin itacen bedi, ya zauna a tabarma. Ya kira Mushe Mohamed ya ce ya zo da farar takarda da almakashi, ya ce wa Baba Hamisu ya kawo sauran ƙaron. Madam Jummai ta biyo su tana cewa kwamiti bai ɗage haninsa ba.

"Madam," ya ce, "jibi motar Tebaram za ta tashi da ni. Ki rubuta cewa na yi tawaye. Zan sa hannu."

Ta dubi rajistar. Sannan ta karɓi almakashin daga hannun Mushe Mohamed, ta ce ba haka ake yanka takarda ba, kuma yanka takarda a gindin itace ba aikin gwamnati ba ne.

Suka fara daga shafin farko. Malam yana faɗi, Mushe yana rubutawa a 'yan guntaye, Madam tana liƙawa. Iyaye suka kewaye su. A hoto na biyu akwai wani yaro a bakin layi, wandonsa ya sauka, bakinsa a wage yana kuka.

"Yunusu ɗan Safi," in ji Malam Attahir. "Aji ɗaya. Ya ji tsoron mai hoto."

Wurin ya fashe da dariya. Alhaji Yunusu ya kutsa ya duba.

"Wanga ba ni ne ba. Yaron Bambeye ne. A tambayi jama'a! Wanda ya yarda ba ni ne ba shi ɗaga hannu."

Hannuwa da yawa suka tashi, don Alhaji ne ya kawo shinkafar biki.

"Rinjaye ya nuna ba kai ne ba," in ji Malam Attahir. "Rubuta, Mushe. Yunusu ɗan Safi."

Suka yi ranar nan har la'asar, suka yi Juma'a in ban da lokacin masallaci. Inda Malam ya tsaya, wani lokaci wata tsohuwa takan gane ɗan maƙwabta, ko Baba Hamisu ya tuna wanda ya taɓa kora daga kan katanga. Amma akwai yaran ƙauye da suka yi shekara ɗaya ko biyu suka koma, ba wanda ya san su a birni sai shi. A kan irin waɗannan yakan ɗora yatsa ya daɗe, ya ce a wuce, za shi dawo.

Safiyar Asabar motar ta tsaya a bakin lekol, an ɗaure kayansa a sama. Mushe Mohamed ya kawo masa rajistar, ya buɗe wuraren da suka sa alama. Fuska goma sha ɗaya. Malam Attahir ya bi su a hankali, direba yana danna oda. A ta ƙarshe, wata yarinya mai kitso biyu da allo a ƙirji, ya buɗe baki kamar sunan ya zo, ya rufe.

"A watan Janairu na san ta," ya ce.

Ya miƙa wa Mushe rajistar, ya ce a liƙa musu farar takarda haka nan, a daidaita ta sosai, ko wani zai zo wata rana ya gane nasa. Ya tattara rigarsa ya shiga mota.