Saƙon Mutanen Hindawiyya

Da Nuf ta dawo daga jami'a ranar Litinin, a bakin ƙofa ta ga takalman fitar Kaka Hajara, an goge su da mai an jera su gefe guda. Rabon takalman nan da fitowa daga ƙarƙashin gado tun ƙaramar salla. Ta ɗan tsaya tana kallonsu, ta san maganar tafiya ta zauna.

Tafiyar ta zuwa wurin Shatu ce, aminiyar Kaka da ke Madina. Za a yi mata aikin zuciya ranar Alhamis da safe, ita kuwa ta ce wa 'ya'yanta ba mai tura ta ɗakin tiyata sai ta ga Hajara da idonta. Likita ya hana Kaka dogon zama a mota saboda bayanta, tafiyar Madina kuma awa biyar ce. Sai Nuf ta duba a waya ta samo kujeru biyu a jirgin ƙasa na Haramaini, ranar Laraba bayan azahar. Lokacin Umra ne, su kaɗai suka rage.

"Awa biyu da 'yan mintoci ne, Kaka," in ji Nuf.

"Awa biyu a kai ina? Jidda?"

"Madina."

"To. Ai ke ce 'yar jami'a."

Kaka ta san jirgin ƙasa, ba labari aka ba ta ba. A cikinsa ta ratsa Sudan shekara kusan sittin da suka wuce, ita da mijinta a kan hanyarsu ta zuwa Makka, daga Kosti zuwa Bur Sudan, kwana uku cur. Tana da tsohon ciki, suna tarago na talakawa mai bencin katako, kaji a ƙarƙashi, mutane a kan rufi. In rairayi ya rufe hanya sai maza su sauka da shebur, mata su hura gawayi su dafa shayi. A Atbara ƙafafunta suka kumbura har ta kasa miƙewa. Tana nishi da Hausa sai wata yarinya ta waiwayo ta ce mata sannu. Shatu ke nan. Mijinta Usaini shi ke gyaran gadaje a taragon barci na manya, aka yi sa'a akwai gado ɗaya da ba kowa. Shatu ta yi ta yi masa magiya har ya buɗe.

"Farin zanin gado, Nuf, da fanka a sama, da ɗan wurin wanke hannu," Kaka takan ce. "Na kwanta ina tsoron in ɓata musu zani. Shatu ta zauna a ƙasa tana matsa min ƙafa har Bur Sudan. Ko sunana ba ta tambaya ba sai washegari."

Cikin da aka kwantar a gadon nan shi ne Kawu Ja'afaru, yayan mahaifiyar Nuf, direban tasi. Shi ne ɗan fari, don haka Kaka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana son abu sai ta dubi bango ta ce a gaya wa mai mota. Shekara talatin ya yi yana ɗaukar fasinja zuwa Madina. Tun ana haƙa ramukan tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa, Nuf tana 'yar makaranta tana leƙen manyan injuna ta tagar bas, yake cewa abin ba zai ɗore ba. Jirgi ya fara aiki, ya ɗore, fasinjojin Kawu suka koma can. Yanzu tsakanin Harami da otal-otal yake yawo.

Da ya ji an sayi tikiti, ya ajiye kofin shayinsa.

"Har ke, Nuf? Uwata ma kun kai wa jirgi?"

"Kawu, likita ne ya ce..."

"Na ji. Ni dama na bar hanyar Madina. Na bar wa mai gudun kilomita ɗari uku a awa."

Ranar Talata da hantsi Kaka ta sa takalmanta ta ce Nuf ta riƙe mata hannu. Za ta yi sallama.

"Kaka, kwana biyu fa za mu yi."

"Wa ya gaya miki? Mai shiga jirgin ƙasa ba ya cewa kwana kaza. Yana neman gafarar mutane ya tafi."

Haka suka bi lungunan Hindawiyya, unguwarsu a Makka, gida gida, Kaka tana cewa a yafe mata, ana cewa ba ta yi komai ba, ana kawo gahawa da dabino. Duk gidan da suka shiga kuma akwai mai wani a Madina. Jawahir mai turaren wuta, wadda iyayenta suka zo ta Chadi, ta fito da kwalabe shida na 'yarta, sannan ta koma ciki ta jawo ƙaramin turmi da taɓarya.

"Ta ce na can ba sa daka yaji yadda take so. Ba nauyi, Hajiya."

"Kawo. Jirgi ne fa, ba jaki ba," in ji Kaka.

Matar Malam Abdulganiyyu ta ba da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Wata ta ba da man shanu a galan, wata barguna biyu na jikoki. Wani tsoho ya aiko da kan keken ɗinki a naɗe cikin buhu. Kaka tana karɓa tana cewa amana ce, in sha Allahu hannu da hannu.

Nuf ta san ƙa'idar. Tana rubuce a jikin tikitin: kowane fasinja jaka ɗaya babba da ƙarama ta hannu. A gidan Jawahir ta buɗe baki, sai ta ga yadda fuskar Kaka ke haske, ta ce bari sai sun fita. A titi ta ce bari sai sun isa gida. Hausarta ma takan gudu ta bar ta in magana ta yi nauyi, Larabci ya zo bakinta, Kaka kuwa in ba ta son zance sai ta ce ba ta jin Larabcin 'yan yanzu. Da la'asar dai ta daure.

"Kaka, kayan nan sun yi yawa. Akwai nizami."

"Akwai me?"

"Doka. Ta kaya."

"A jirginmu har akuya an shiga da ita. Miƙo min igiyar can."

Nuf ta miƙa mata igiya. Abin da ta iya yi shi ne ta samo alƙalami mai kauri ta rubuta sunan mai kowane ƙunshi da lambar wayarsa a jiki.

Ranar Laraba Kawu ya zo kai su tasha. Ya dubi tulin kayan a tsakar gida, ya dubi Nuf, ta sunkuyar da kai. Ya cika but ɗin mota ya ɗora saura a kujerar gaba.

"Wannan ƙaura ce ko ziyara?"

Kaka ta dubi tagar mota. "A gaya wa mai mota ya kula da ramuka."

"A gaya wa Hajiya an gyara titin tun bara."

Tashar Rusaifa ta yi wa Kaka kyau. Ta ɗaga kai tana kallon rufin mai tsawo, ta ce ko hayaƙi babu, ko mai sayar da shayi. Suka tura kaya a amalanke biyu har wurin shiga. Nan wani ma'aikaci matashi ya duba tikiti, ya dubi amalanken, ya yi murmushi irin na mai jin nauyi.

"Ya Hajja, ku biyu ne? Jaka biyu manya, biyu ƙanana. Sauran ba za su shiga ba, ki yi haƙuri."

Nuf ta fassara, muryarta ƙasa ƙasa. Ma'aikacin ya ƙara da cewa akwai masu jigilar kaya a waje, za su kai cikin kwana biyu.

"In ba wa wanda ban san uwarsa ba turaren Jawahir?" in ji Kaka. "Na ce musu hannu da hannu."

"To mu mayar gida, Kaka, in mun dawo..."

"In koma Hindawiyya in ce na nemi gafararku jiya, yau ga kayanku? Da wane ido?"

Ta jawo kwalin barguna ta zauna a kai, ta gyara mayafi, ta ɗora hannu biyu a kan sandarta. Nuf ta san zaman nan. Ta dubi babban allon tasha: saura minti ashirin da biyar, ƙofa kuma ana rufe ta kafin lokacin tashi. Babu wata kujera yau, babu gobe da safe. Shatu tana can a gadon asibiti ta sa an juya mata fuska wajen ƙofa, haka ɗanta ya faɗa a waya.

Ta durƙusa gaban kakarta.

"Laifina ne. Na sani tun jiya da safe, na kasa faɗa."

"Kin faɗa. Ni ce ban ji ba." Kaka ta taɓa mata kai. "Amma na riga na karɓa, 'yar nan. Abin da na karɓa, ko hannuna ya kai shi ko hannun jinina."

Kawu yana tsaye taku uku daga nan, ya ba su gefe, yana juya makullin mota a yatsa yana karanta allon da ba abin da ya shafe shi a ciki. Ya ji, Nuf ta tabbata ya ji. Ta kuma gane ba zai matso ba. Ya faɗa a gaban kowa cewa ya bar hanyar Madina, kuma shekara hamsin da takwas ke nan ana aika masa saƙo ta bango. Kaka ita ma ba za ta ɗaga ido ta roƙi ɗan fari a tsakiyar tasha ba, ko da jirgi goma za su tashi.

Nuf ta miƙe. Ta taka zuwa inda yake.

"Kawu."

"Na'am, 'yar jami'a."

"Kai jininta ne."

"Haka aka ce min."

"Kayan nan... in da za ka..." Hausar ta tsere. Ta sake kamo ta. "Jirgi ba zai iya ba. Kai za ka iya."

Ya daina juya makulli. "Maimaita na farkon."

"Jirgi ba zai iya ba."

"Mai gudun ɗari uku?"

"Shi."

Gefen bakinsa ya motsa, ya danne. "Ke kika ce. Mai kayan ba ta ce ba. Ni ba na ɗaukar amanar da ba a ba ni ba."

Nuf ta koma wurin Kaka. Saura minti goma sha bakwai. Ta tsaya a gabanta tana kallonta. Kaka ta dubi sandarta, ta dubi masu wucewa da jakunkunansu masu taya. Can ta dafa kafaɗar Nuf ta tashi daga kan kwalin. Ta juya, ba wajen bango ba, wajen ɗanta, ko da yake idonta a kan maɓallin rigarsa ya tsaya.

"Ka tsaya ka ci abinci a hanya," ta ce. "Kada ka yi gudu. Ba tsere kuke da shi ba."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya sa makulli a aljihu.

Daga nan komai ya zama sauri. Nuf ta ware jakar Kaka da tata, Kaka ta ce ƙullin dambun naman da ta yi wa Shatu a hannunta zai tafi. Ma'aikacin ya kawo keken guragu, Kaka ta ce ita da ta ratsa Sudan ba za a tura ta ba, sannan ta zauna. Aka duba tikiti, ƙofar gilashi ta buɗe.

"Akwai gado a ciki?" Kaka ta tambaya.

"Babu, Kaka. Kafin ki yi barci mun isa."

"To wa zai san wani a tafiyar awa biyu?"

"Ni zan matsa miki ƙafa."

"Ke? Da hannun nan naki kamar tsinke?"

Nuf ta yi dariya, ta waiwaya don ta ce wa Kawu sai sun haɗu a asibiti. Ba ya inda suka bar shi. Ta hango shi can wajen ƙofar fita, ya haɗa amalanken biyu yana turawa a hankali, kafaɗa ɗaya a sama don kada kaya su zame. Bai waiwayo ba. Ya jira wasu masu harami suka wuce, sannan ya fita cikin rana.