Ganyen Tallan Ƙarshe

Shekara talatin da ɗaya tsoho mai littattafai ya yi yana musu da Dogo a kan littafi guda. Dukansu tsofaffin littattafai suke sayarwa, shagunansu na kallon juna, kuma ko a kan ƙarfe nawa ne ba su taɓa shiryawa ba. Dogo ya ce bugun farko na wani littafin tafiye-tafiye ya ƙone ƙurmus a gobarar da ta ci ma'ajiyar tsohon kamfanin ɗab'in da ya buga shi. Tsoho ya ce ƙarya ne, akwai wanda ya tsira, kuma sai ya ɗora masa shi a tafin hannu kafin ya bar duniya.

Wahalar ita ce bugun farko da na biyu kamar tagwaye suke: shekara ɗaya, haruffa ɗaya, bango ɗaya. Abu guda ya raba su. A can ƙarshe akwai ganyen talla, wato takardar da kamfanin ya jera sunayen littattafansa a kai. A bugun farko guda bakwai ne kacal, a na biyu sun zama goma sha biyu. Wannan su biyu kaɗai suka sani. Ko 'yarsa Auta, da ta shekara ashirin tana kaɗe masa ƙurar kantoci, tsoho bai taɓa gaya mata ba. In ta tambaya sai ya ce, "Sirrin sana'a ne, ke dai goge." Rowar sani gare shi, ba ta abinci ba.

Ya samo littafin ne a gindin wani kwali da ya saya a gidan wani malamin makaranta da ya rasu. Bango ya yage, zare ya saki, sai warin danshi. Ya buɗe ƙarshe, ya ƙirga. Bakwai. Maimakon ya tsallaka titi nan take, sai ya ce bari ya ɗan ja wa Dogo rai. Ya ɓoye shi a aljihun tebur, kullum ya ciro ya shafa. A kwana na huɗu ya faɗi a shago, ya yi sati uku a asibiti.

Ran da aka sallamo shi, Auta ta miƙo masa wani abu a naɗe, baki har kunne.

"Baba, na ga yadda kake son shi. Na kai wa mai ɗinkin littafi ya gyara maka."

Sabon bango ne, ja, an datse gefuna tas. Tsoho ya juya ƙarshe. Farar takarda ce sabuwa fil.

"Akwai wani ganye a nan," ya ce.

"Na talla? Ya ce ya ruɓe, ya tambaye ni ko a bar shi. Na ce talla ce kawai, ya cire. Ko na yi laifi?"

Ya dube ta. Ta rame saboda jinyarsa. Ya san ba shi da wanda zai ɗora wa laifi sai kansa.

"Ya yi kyau, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Washegari ya lallaɓa da sanda wurin mai ɗinki. Mutumin ya nuna masa kwandon shara wayam, ya ce tun wancan satin aka kwashe.

Da yamma Dogo ya zo dubiya. Ya hango littafin a kan tebur, ya ɗauka, ya nufi ƙarshe kai tsaye. Auta na tsaye da ruwa a faranti tana jiran yabo.

"Mutumina, ina ganyen?"

"Bugu na biyu ne," in ji tsoho. "Ka ci musun."

Dogo ya san abokinsa bai taɓa sallama musu ba a rayuwarsa. Ya dubi sabon bangon, ya dubi Auta, ya rufe littafin a hankali.

"Aiki ya yi kyau, 'yata," ya ce, kuma ranar ko tsokana ɗaya bai yi ba. Wannan ya fi komai yi wa tsoho ciwo.

Bayan sun fita, ya rufe ido ya fara jero sunayen littattafan nan bakwai a zuciyarsa. Ya kawo biyar. Ya sake daga farko, biyar ɗin dai ya kawo.