Boris a Cikin Firiza

Mai Ƙanƙara ta ɗaga murfin firizarta da hantsi, sai ta tarar da wasu zobban ƙarfe guda biyu naɗe a leda, kwance a tsakiyar hajarta kamar gidan ubansu. Ba ta tsaya tambaya ba. Mutum ɗaya ne a duk layin yake da wannan ƙarfin hali, wato ƙanenta bakanike, wanda garejinsa ke manne da shagonta.

Ta fito da ledar a hannu tana kumfar baki. Ga babur ɗin nan da ta tsana a ƙarƙashin rumfa, mai dogayen ƙafafu da taya mai haƙora, an ɗora shi kan kututture an cire masa ƙafar baya. Autarta na tsugune a gefe, hannu duk baƙin mai. Auta ta samu aikin duba dabbobi a ƙauyukan kan duwatsu, inda mota ba ta shiga, kuma wannan babur aka ba ta. Uwar ta ce ba da yawunta ba. Ita kuwa yarinyar, da ta gado taurin kai ba a nesa ba, ta ce ba za ta taka ko nan da can ba sai an sa mata albarka. Masu aikin sun riga sun faɗa, in ba su gan ta a farkon mako ba, wani za su ba.

"Kai, yaushe firizata ta zama shagon ƙarfe?"

"Yaya, ki rufa min asiri kar su yi ɗumi," in ji bakaniken. "Sababbin boris ne, waɗanda tayar babur ke juyawa a kansu. Auta, maza mayar da su."

Auta ta karɓe ledar ta ruga shago. Shi kuwa ya kwantar da wilin, wato ƙafar da ya cire, a kan katako, ya zura dogon ƙarfe ta tsakiyarsa, ya riƙa bugu da guduma a hankali, nan gefe, can gefe. Tsohon boris ya faɗo ƙasa ya tarwatse. 'Yan ƙwallayen cikinsa suka watsu a kan siminti, duk tsatsa ta cinye su, ɗaya ya gangaro har gaban takalminta. Ta duƙa ta ɗauka. Bai kai ƙwayar wake ba.

"A kan wannan abin Auta za ta zauna?"

"A kansa duk nauyin yake, Yaya. Ita, da babur, da kayanta."

Tsoro ya kama ta har cikin ƙashi. Sai kuma ta ji wani daɗi na mugunta, don a ganinta hujja ce ta faɗo mata har gaban ƙafa. Ta buɗe baki za ta fara, ya riga ta. Ya ce sabon ma ba ya shiga ramin da tsohon ya fito haka nan, ya fi shi girma da abin da bai kai silin gashi ba, kuma da gangan aka ƙera shi haka. Masu gaggawa da guduma suke tura shi, su ji masa rauni tun ranar farko. Shi kuwa sanyi zai sa boris ɗin ya tsuke, ramin kuma ya gasa shi ya buɗe.

Mai Ƙanƙara ta yi dariya har da riƙe ciki. A kan sanyi za a yi mata karatu? Ita da ta tsufa tana kwashe gorunan da ƙanƙara ta fasa?

"Kai yaro ne. Sanyi kumbura abu yake yi. Tambayi robobina."

"Ruwa ke nan, Yaya. Ƙarfe halinsa daban."

Ta jawo benci ta zauna, ta harɗe hannu, don ta ga ƙarshen wannan ƙarya da idonta. Ya goge ramin tas, ya kunna wutar gas, ya riƙa zagaya ta a bakin ramin ba ya barinta wuri ɗaya. Can ya ɗiga ruwa da yatsa, ruwan ya yi cuu ya ɓace.

"Auta, kawo! Da gudu!"

Ta kawo ɗaya, amma da ta zare shi daga ledar sai ƙarfen ya manne mata a yatsu. Ta yi ƙara tana yarfe hannu, saura kaɗan ya faɗa cikin ƙasa. Kawunta kuwa hannayensa biyu na riƙe da wilin da tsumma. Uwar ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ba ni nan, raguwa!"

Hannunta ya daɗe da daina jin sanyi. Ta riƙe zoben da yatsu, farar raɓa na tashi a jikinsa, ta daidaita shi a bakin ramin, ta saki. Ya zame da kansa, ya sauka har ƙasa, ya ce ƙwal. Babu guduma, babu ko turi.



"To cire shi, Yaya," in ji shi a hankali.

Ta naɗe yatsa da tsumma ta ja. Ko gezau. Ta sake ja da ƙarfinta duka, abin da ya shiga yanzun nan kamar cokali a kofi ya kafe kamar tare aka halicce su. Ikon Allah! Ashe ƙarfen da take gani matacce yana jin sanyi ya takure, yana jin zafi ya saki jiki, kuma shekara da shekaru wannan abu yana faruwa a bayan bangon shagonta ba ta sani ba. Mamaki ya cika ta har ta manta da faɗan da ta zo yi.

Da aka juya wilin, ita ce ta tsaya a kansa tana kallo ya zura bututun ƙarfen da ke zama tsakanin boris biyun, ita ce kuma ta je ta ɗauko na biyun da kanta. Ya shiga kamar ɗan'uwansa. Bakaniken ya shafa giris, ya mayar da ƙafar, ya ɗora sarƙa, ya ɗaure.

"Juya ta, Yaya."

Ta sa tafin hannu ta tura tayar. Ta yi ta juyawa, ba ƙara, ba rawa, sai iska kawai da take kaɗawa. Suka tsaya su uku suna kallo har ta tsaya don kanta.

Uwar ta dubi Auta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta kama fuskarta da hannayen nan masu giris.

"Je ki, Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki."

"Amin, Mama," in ji Auta, hawaye na bin baƙin mai a kumatunta.

"Amma ki ji ni da kyau. Da hannuna na sa shi. In kika faɗi a kan dutsen nan, ni na kayar da ke. Saboda haka kar ki faɗi."