Shagon Sai-Gobe

A layin da yake ɗinki ba mai kiransa da sunansa. Sai-Gobe ake ce masa, don amsar da kowa ke samu ke nan in ya zo karɓar kaya. Tela ne mai hannu, amma shagonsa kamar an yi dambe a ciki: yadin wannan a ƙarƙashin rigar wancan, almakashi sai an tona tarin ƙyalle kafin a gan shi. Bencinsa ba ya rabo da jama'a. A zo ana masifa, masifar ta koma hira, har a manta abin da ya kawo mutum.

Ƙarshen shekara 'yarsa ta zo daga gidan mijinta, ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Baba, tun rasuwar Umma ka saki komai. Kai ba ka gajiya da zagin mutane?"

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Shekara na kamawa ya ɗaura niyya. Ya sa kafinta ya buga masa kanta, kowane aiki ya shiga ledarsa, ranar karɓa a jiki. Ya daina amsar abin da ya fi ƙarfinsa. Da sassafe za ka ji ƙarar kekensa.

Abin ya yi kyau, har ana ba da labarinsa. Mutum zai zo, ya miƙa masa leda, ya duba, ya ce madalla, ya juya. Ba mai dalilin zama. A hankali bencin ya koma wurin ajiye dutsen guga.

Yanzu da sauran rana yake rufe shago. Ya je gida ya share ɗakin da ba wanda ya ɓata, ya ci abinci a tsaye. Wata rana ya kira 'yar tasa don ya ba ta labari.

"Baba, ina kan girki, yara sun dame ni. Zan kira ka."

Ba ta kira ba, shi ma bai ga laifinta ba.

Ranar nan ya hango wani direba, tsohon abokin faɗansa, yana tahowa karɓar riga. Hannunsa ya riga tunaninsa: ya ɗauki reza ya tsinke maɓalli ɗaya daga rigar.

"Ranka ya daɗe, ai sai mu canza maka suna!" in ji direban, da ya ga rigarsa a ɗinke.

"Zauna mana, maɓalli ne ya rage. Ya iyali? Ya ƙafar taka?"

"Lafiya lau. Bar shi kawai, maiɗakina za ta ɗinka. Fasinja na jira na."

Ya karɓi rigar ya fita da sauri, ya ma manta maɓallin a kan teburi.

Tela ya daɗe yana kallon titi. Daga baya ya miƙe, ya sauko da aikin da ba a buƙata sai mako mai zuwa, ya shimfiɗa yadin ya fara yanka.