Wasan Farko na Auta

Yana cikin rubuta bugun kusurwa sai na kusa da shi ya zungure shi.

"Ƙididdiga, ɗaga kai mana! Ga autanka za a saka."

Sunan da abokan aiki suka laƙa masa ke nan tun yana saurayi. Ya tsufa a wannan benci na 'yan jarida, kai a sunkuye, yana ƙirga wa jaridarsu kowane bugu da kowace ƙeta. Yau ne Auta zai fara buga wa babbar ƙungiya. Ya shigo fili da gudu, rigar ta yi masa yawa, yana waige yana neman ubansa.

Ba a jima ba wani mai tsaron baya ya faɗo masa da ƙafa biyu. Har benci aka ji ƙarar. Auta bai tashi ba.

A asibiti likita ya ɗaga hoton gwiwar, ya nuna da yatsa.

"Zai yi tafiya, in sha Allah. Amma ƙwallo kam, Baba, sai haƙuri."

Waya sai ruri take a aljihun Ƙididdiga. Edita ne, shafin wasanni yana jira. Ya kashe ta. Matarsa tana zaune a ƙasa bakin ƙofa, ta ƙi ko kallonsa. Ita karatu ta so wa yaron, shi ne ya saya masa takalmin ƙwallo.

Da la'asar Auta ya farka, leɓensa a bushe. Bai tambayi abin da likita ya ce ba.

"Baba, mun ci?"

"Kun ci."

"Sau nawa na taɓa ƙwallo?"

Tun Auta yana rarrafe yake jin uban yana zayyano alƙaluman 'ya'yan wasu, a gida da rediyo, bai taɓa tuntuɓe ba.

"Ban ƙirga ba," Ƙididdiga ya ce a hankali. "Kallonka nake yi."

Ya zaci yaron zai yi murmushi. Auta ya daɗe yana dubansa, idanunsa suka cika.

"Haba, Baba. Ni fa don ka ƙirga na shiga."

Ya juya fuska ga bango.

Uban ya zauna a bakin gado, ya runtse ido, ya shiga dawo da wasan a ransa. Ga rigar, ga gudun, ga waigen. Ƙwallon ce ya kasa gani.