Ɗaya na Farar Hula

Lidiya ta rubuta harafin, ta jera lambobin da ke biye da shi, da ta zo kan ta ƙarshe sai biro ya tsaya mata a hannu.

Aikinta ke nan a ofishin kati na asibiti. Likita ya rubuta ciwo da Turancinsa, ita kuma ta buɗe ƙaton littafin da ƙungiyar agaji ta kawo, ta mayar da ciwon lamba. Komai da lambarsa a ciki, har cizon jaki. Jiya da hantsi jirgin soja ya kama da wuta a sama, ya tarwatse a gonakin Bahuli, aka kwaso mutane da ƙuna. To, wannan ma da lambarsa. Sai dai ta ƙarshen ita ke faɗin ko wane ne mutum: sifili soja, ɗaya farar hula. Wanda aka sa wa ɗaya, motar ƙungiya za ta wuce da shi Yola da azahar. Wanda aka bar wa gurbi, sojoji ne za su tafi da shi su yi masa tambayoyi, kuma a Mubin bana ba mai tambayar yaushe zai dawo.

Sauran duk ta sa musu ɗaya, ko tunani ba ta yi ba, manoma ne 'yan ƙasa. Wannan katin kuwa Kaumi Bukar aka rubuta, mutumin Barno, wani kuma ya ja jan layi a ƙarƙashin sunan.

Margret, nas ɗin ɗakin maza, ta leƙo. "Lidiya, katin nan kaɗai ake jira fa. Sajan ɗin da ke gadinsa ya ce duk wanda ya sa masa ɗaya, shi ya tsaya masa. Kin san shi?"

"Zan duba," in ji Lidiya.

Zan duba! Mutumin da rumfarsa ta bandar kifi ke manne da ta mamarta tun tana firamare. Mutumin da ranar aurenta ya sa babbar riga, ya tsaya ƙofar coci cikin rana har aka tashi. Ta san kekensa, ta san duk ranar kasuwa yakan kai kifi Bahuli. Amma tana da yara ƙanana, kuma ta ga yadda ake dira gidan wanda ya tsaya wa Babarbare. Tsoro ne, ba wani abu ba, ita ma ta sani.

Ta ɗauki wasu katuna ta nufi ɗakin maza, wai kai su za ta yi. Yana kwance bakin ƙofa, an naɗe hannuwansa da bandeji har gwiwa, gemun ya babbake gefe guda. Sajan na zaune kusa da shi, bindiga a cinya. Lidiya ta kafe ido a siminti, ta wuce sumul kamar an aike ta.

Tana dawowa ta ji muryar sajan. "Baba, tun jiya nake tambayarka. Duk asibitin nan ba wanda ya san ka?"

Kaumi ya juyo da kai. Idonsa ya sauka a kanta, ya gane ta sarai, ba ko shakka. Sai ya mayar da kallonsa silin.

"Babu, ranka ya daɗe. Ni baƙo ne."

Wallahi da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Kunya ta rufe ta tun daga wuya har tafin ƙafa, ba ta san yadda ta kai ofis ba. Ta zauna ta dubi gurbin. Ɗan layi ne kawai, tsaye kamar tsinken ashana, shi ta kasa ja tun safe. Ta ja shi, ta sa hannu, ta rubuta cikakken sunanta yadda kowa zai iya karantawa.

Ta koma ta tsaya gaban gadon, ta ɗan rusuna. "Baba Kaumi, sannu da jiki."

"Yarinya, kin yi kuskure, ba ni ba ne."

"Kai ne, Baba." Ta miƙa wa sajan katin. "Maƙwabcin mamata ne a kasuwa. Kifi yake sayarwa."

Sajan ya dube ta daga sama har ƙasa. Ya tambayi unguwarsu, ta faɗa. Ya tambayi sunan mijinta, ta faɗa. Ya gyaɗa kai, ya miƙe ya rataya bindigarsa.

Da azahar aka gungura gadon zuwa mota, Lidiya na biye da kati a hannu. A bakin ƙofa Kaumi ya yi mata alama da ido, ta sunkuya.

"Lidi, don me kika dawo?" Muryarsa ta shaƙe da hayaƙin jiya. "Ɗazu da na ga kin wuce, wallahi daɗi na ji. Na ce yarinyar nan tana da hankali."

Aka rufe ƙofa, motar ta fita har ta sha kwana. Lidiya tana nan tsaye, ta kasa ɗaga kai.